Muryar da Malam Atiku Ya Bari a Tungar Maccido

A Tambuwal, in ka ce wa mutum Malam Atiku Na'iya sai ya yi jim yana tunani, amma in ka ce Malam Raɗa nan take zai washe baki ya ce ai shi ya koyar da shi a aji ɗaya. Dogo ne siriri, hularsa kullum a karkace, aljihun rigarsa na dama kullum a kumbure saboda dunƙulen zaren saƙa da ba ya rabuwa da shi. Shekara talatin da ɗoriya ya yi yana koyarwa a garin, babu ɗalibin da ya taɓa jin sautin muryarsa. Raɗa yake yi, ita ma sai ka kawo kunne kusa. Masu zaman bakin tasha, waɗanda ba abin da ke wuce su ba su yi masa fassara ba, sun ce sanyi ne ya kama masa maƙogwaro. Wasu suka ce garin alli ya shaƙa. Ba ko ɗaya daga cikinsu da ya taɓa taka ƙasar Kebbe ya tambaya.

Da can ba haka yake ba. Gidansu gidan malamai ne, mahaifinsa na ba da karatun littattafai a zaure tun daga hantsi har azahar. Atiku bai gaji kan uban ba, wannan kowa ya sani, amma Allah ya ba shi murya. Tun yana ɗan shekara sha biyar, in ladan ya yi tafiya shi ake turawa, kuma ba lasifika ba komai manoman hanyar Sanyinna sukan ajiye fartanya su ce lokaci ya yi. Ya san yana da ita kuwa, yana ji da ita. Ko gishiri ya je saye sai duk layin ya san nawa ya taya.

A shekarar da aka yanke Jihar Sakkwato, arzikin man fetur ya sa gwamnati ta ce kowane yaro sai ya shiga boko kyauta. Yara suka yi yawa, malamai suka yi kaɗan, sai aka kwashi duk wanda ya gama aji bakwai aka kai shi kwas na 'yan watanni a Sakkwato. Atiku na ciki. A can wata malama 'yar Indiya ta koya musu yadda ake buɗe darasin zaman jama'a ga yaran da ba su saba da juna ba. A zaunar da su a da'ira, malami ya riƙe bakin zare ya jefa wa yaro dunƙulen. Yaron ya faɗi sunansa, aji duka ya ce masa sannu, ya naɗa zaren a yatsa ya jefa wa wani. Kafin a gama, zare ya haɗa kowa da kowa, in mutum ɗaya ya ja sai duk a ji. Daga nan malami ya ce to haka zaman tare yake. Atiku ya mance rabin abin da aka koya masa a kwas ɗin, amma wannan wasa ya zauna masa daram, don wasa ne da ake ɗaga murya a cikinsa.

Aka tura shi Tungar Maccido, wani ɗan ƙauye a ƙasar Kebbe, inda mota ke ajiye mutum ya ƙarasa da ƙafa. Ƙarshen damina ne, dawa ta fi mutum tsawo. Ginin makaranta bai wuce tubali uku daga ƙasa ba, don haka mai gari ya sa aka kafa rumfar kara a bayan gari, gonar dawa na kewaye da ita ta gefe biyu. Ranar farko aka kawo masa yara arba'in, kowane gida an karɓi ɗaya ba don suna so ba. Suka zauna zugum suna kallonsa kamar mai shirin yi musu allura. Sai da rana ta kusa tsaka aka gama koke-koke da kore iyaye, sannan ya zaro zarensa.

Wasan ya ci. Yaro na farko ya ce Arzika, aji ya ce sannu Arzika, aka fashe da dariya. Nan da nan masu kuka suka share majina suna miƙa hannu a jefo musu. Malam Atiku na tsaye yana rubuta sunaye a rajista, zuciyarsa fari ƙal. Har dunƙulen ya faɗa cinyar wata yarinya 'yar shekara tara, baƙa mai manyan idanu, da tsagar wuƙa ɗaya a gefen kunnenta na hagu.

"Mi as sunanki?" in ji Malam.

"Tambaya."

"Wanga laƙabi na. Sunan yanka nika so, wanda anka yanka maki rago da shi. Shi gwamnati ka rubutawa."

Ta sunkuyar da kai. "Inna ta ce ba a faɗinai."

Da wani ne, da ya rubuta Tambaya ya wuce. Amma Malam Atiku ɗan gidan malamai ne mai sabuwar takardar kwas, yana ganin duk wani abin ƙauye duhun kai ne da aka aiko shi ya yaye. Bai daka mata tsawa ba, wannan dole a faɗa masa gaskiyarsa. Durƙusawa ya yi a gabanta, ya kawo kunnensa, ya sassauta murya. "To raɗa mani, ni kaɗai. Ba mai ji."

Yarinya ta dube shi, ta ga babba ne, ta yarda. Ta raɗa masa. Shi kuwa ya miƙe tsaye ya buɗe wannan maƙogwaro nasa.

"Ashe suna mai daɗi hakanga anka ɓoye! Zahara'u! Ku ce sannu Zahara'u!"

Baki talatin da tara suka ce sannu Zahara'u. Sai wurin ya yi tsit, irin shirun da ko kuda ba ya motsi. Daga cikin dawa wata 'yar ƙaramar murya, ta yaron da bai daɗe da fara magana ba, ta maimaita sunan a hankali kamar mai ɗanɗana shi. Wata ta karɓa daga can gefe. Malam bai yi niyyar ƙirgawa ba, amma ya ji shida. Dunƙulen zaren ya zame daga cinyar yarinyar, ya gangara ya fita daga rumfa, ya shige cikin dawa, alhali wajen tudu ne ba gangare ba. Ya bi ya janyo shi. Abin da ya dawo bai kai rabin abin da ya tafi ba, bakin zaren kuma a jiƙe yake kamar an tsotsa. Ya gaya wa yara cewa 'ya'yan makiyaya ne ke wasa, ya tashe su tun lokaci bai yi ba.

Da la'asar wata tsohuwa ta yi sallama a ƙofar ɗakin da mai gari ya sauke shi. Na'inna ce, kakar Tambaya ta wajen uwa, wadda yarinyar ke kira Inna. Ta ƙi tabarma, ta zauna a ƙasa.

"Malam, ɗiya shidda uwar yarinyag ga tab binne. Kowane anka raɗa mai suna, maroƙi yay yi shela, ba shi kai yaye. Wanda yat tafi shi ka kiran na bayanai, don ba su son zama su kaɗai. Da wagga taz zo, munka roƙi liman shi raɗa sunan a kunnenta shi bar shi nan. Shekara tara suna biɗa, ba su san da mi za su kira ta ba. Yau ka gaya musu."

"Inna, wanga camfi na," in ji Malam. "Rai da ajali suna hannun Allah."

"Na san haka tun ba a haifi uwarka ba. Kai da kas sani, don mi kaka rufe ƙofa in za ka kwana?" Ta gyara zama. "Ba gardama niz zo yi ba. Kira ba shi kashewa, amsawa ita ka kashewa. In dai ba ta ce na'am ba har a girbe dawa, ba su da wurin laɓewa, sai su haƙura."

Ya ce to ta riƙe ta a gida mana. Tsohuwa ta yi wata dariya marar daɗi. Ta ce wane gida? Da rana kowa na gona, daga ita sai awaki. Cikin mutane ya fi mata. Ta dafa ƙasa ta tashi, ta ce masa shi ya jawo, shi zai tsare.

Daga ranar kiran bai fasa ba. Da zarar inuwar mutum ta taru a ƙarƙashin ƙafarsa, sai ganyen dawa ya daina motsi, sunan ya fito. Kwanakin farko muryoyin yara ne. Tambaya takan ciji leɓe ta ƙura wa allo ido, sauran yara su matso su kewaye ta ba wanda ya sa su. Malam ya ɗauki sanda rannan ya kutsa cikin gonar don ya kama 'yan iskan da ke wannan wasa. Bai ga sawun kowa ba. A ƙarshen gona, ƙarƙashin wata aduwa, ya tarar da 'yan tudu shida a jere, ba wanda ya kai kamu biyu, an kife fasassun tukwane a kansu. A bisa mafi ƙanƙanta ga farin zarensa a naɗe tsaf, yadda yara ke naɗawa a yatsa. Ya juyo da sauri, bai gaya wa kowa ba, kuma daga ranar bai ƙara ambaton camfi ba. Tsoro ya shige shi sosai, da kunyar abin da ya yi.

Da muryoyin yara suka gaza, sai kiran ya zo da muryar uwar yarinyar, alhali matar na can fadama tana tsinkar kuɓewa a gaban mutum biyar. Bayan mako guda ya zo da muryar Na'inna, har da 'yar tarin da take yi. Tambaya ta rame, idanun nan suka ƙara girma, amma ba ta amsa ba. Kakarta ta yi mata horo mai kyau: kowa ya kira ki da wancan suna, ba naki ba ne.

Shi kuma Malam, ga tsoro ga aiki. An aiko cewa sufeton makarantu zai zagayo, kuma darasin da ke gaba a manhaja shi ne ladabi ga manya. Ya dage yana koya musu gaisuwa da durƙuso, da cewa in malami ya kira yaro, a ce na'am kafin ya rufe baki. Safe da rana yana kira suna amsawa, wanda ya yi jinkiri a yi masa dariya, wanda ya riga kowa a tafa masa. Tambaya ce ta fi kowa. Kafin ya gama faɗin Tambaya ta ce na'am Malam, shi kuma ya yi ta yabonta yana murna ta ɗan saki jiki. Mutum mai hankali da ya tsaya ya yi tunanin abin da yake shukawa a bakin yarinyar da aka ce kada ta amsa kira. Malam Atiku bai yi ba, hankalinsa na kan sufeto.

Ranar Alhamis ce, saura kwana ɗaya a shiga girbi, an riga an wasa lauje an gayyaci mutane. A ranar aka ce sufeto zai iso. Malam ya ajiye wasan zare don ya nuna wa baƙo, aka yi ta jira, yara sun sha wanka sun zauna a da'ira suna hamma. Da rana ta take tsaka ba baƙo ba labarinsa, ya ce bari dai a yi. Zare ya zagaya, ya haɗa hannu arba'in, bakinsa na naɗe a yatsan Malam. Yaron ƙarshe ya jefa dunƙulen da ƙarfi, ya wuce kan Tambaya ya faɗi bayanta. Ta juya ta ba Malam baya, ta sunkuya za ta ɗauko.

Ganyen dawa ya tsaya cak.

"Zahara'u!"

Muryarsa ce. Ba kama ba ce, ita ce, cikakkiya, wadda manoman hanyar Sanyinna ke ajiye fartanya saboda ita, har da yadda yake jan ƙarshen suna in yana cikin raha. Kuma ba daga nesa ta fito ba, daga dab da kafaɗarsa ta fito, alhali leɓɓansa a rufe suke. Ya ga bayan yarinyar ya miƙe yadda ya koya mata. Ya ga ta ja numfashi. Ba lokacin da zai isa gare ta ya toshe mata baki, kuma duk abin da zai faɗa da wannan murya kira ne a kunnenta. Ya ji ta fara, "Na..."

Sai ya tattara duk abin da ke ƙirjinsa ya riga ta.

"Na'am!"

Mutanen tunga sun ce har masu ɗiban ruwa a bakin gulbi sun ji wannan amsa. Ta danne ta yarinyar, ta shanye ta, ba wanda ya ji ƙarshen tata. Nan take aka fizgi zaren daga yatsansa. Ya bi ta hannun yara arba'in ɗaya bayan ɗaya yana ƙuna, suna saki suna ihu, ya shige cikin dawa da gudu har ƙarshensa ya ɓace. Iska ta dawo, ganye ya ci gaba da kaɗawa, wata kurciya ta yi kuka. Tambaya ta juyo, lafiyarta lau, da ɗan guntun zare a dunƙule cikin tafinta. Malam ya buɗe baki zai ce mata kada ta ji tsoro, sai iska kawai ta fito.

Washegari aka girbe dawa, fili ya buɗe har gindin aduwa, kiran ya ɗauke. Na'inna ta kawo masa kunu da zuma da kanta, ta zauna a kan tabarma wannan karon, ba ta ce masa komai ba sai sannu. Aka kai shi asibiti a Sakkwato, likita ya haska maƙogwaron ya ce bai ga ciwo ba. A gida mahaifinsa ya yi masa rubutu na kwana arba'in. Da ya ji labarin duka cikin raɗa, tsohon ya daɗe yana jan tasbaha, sannan ya ce, "Yarinya ta ba ka amana a kunne, kai ko kak kai ta kasuwa. Gode ma Allah da abin yat tsaya ga murya."

An so a sallame shi daga aiki, don wa ya taɓa ganin malami ba murya? Amma malamai sun yi ƙaranci a lokacin, sai aka dawo da shi Tambuwal aka ba shi aji ɗaya kafin a samu wani. Ba a taɓa neman wanin ba. Ajinsa ya fi kowanne natsuwa, don yaran da tsawa ba ta sa su shiru sukan kasa kunne su ji abin da ake raɗawa. Ya yi aure, ya haifi 'ya'ya biyar da ba su san muryar ubansu ba. Bai ƙara kiran salla ba, kuma in ladan ya ɗaga murya akan ga ya sunkuyar da kai, don abin na yi masa ciwo har ya tsufa. Wasan zare kuwa bai bari ba, da shi yake buɗe kowace shekara. Tambayar kawai ya sauya. Yakan durƙusa gaban yaro ya raɗa, "Da mi aka kiranka gida?" Ko yaro ya ce Ɗangiwa, Ɗangiwa zai rubuta, hedimasta ya yi ta faɗansa.

A Tungar Maccido kuwa, duk shekara in dawa ta kai tsawon mutum, da tsakar rana akan ji muryar namiji mai ƙarfi daga wajen aduwa tana kiran suna ɗaya. Baƙo yakan ɗauka ladan ne ya yi gaggawa. 'Yan gari ba sa ko ɗaga kai, sun dai daina sa wa 'ya'yansu mata wannan suna.

Bayan shekara goma sha biyar, wata ranar kasuwa, wata mata ta yi sallama a gidansa da goyo a bayanta. Bai gane ta ba sai da ya ga tsagar gefen kunnenta. Tambaya ce, tana aure a Dogon Daji, ga ɗanta na fari ya shekara biyu, an yaye shi lafiya. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce Inna ta rasu bara, kuma kafin ta cika ta ce lallai a kawo masa yaron ya gani. Ta kwance bakin zanenta ta fito da wani guntun zare da ya yi baƙi don tsufa, ta ajiye a gabansa. Malam ya ɗauki yaron ya ɗora a cinya, hawaye na zubo masa, farin ciki ya cika shi irin wanda bai taɓa ji ba tun da ya bar tunga.

"Da mi aka kiranai gida?" ya raɗa.

"Ɗanmaliki," in ji ta. Sannan ta matso. "Malam, kawo kunnenka. Shina da na yanka. Daga ni sai ubanai sai liman."

Ya ja baya da sauri yana girgiza kai, ya nuna ƙirjinsa, ya kaɗa hannu alamar shi bai cancanta ba. Ta ce ta sani sarai wa take ba, kuma ba za ta tashi ba sai ya karɓa. Ya dubi ƙofa, ya dubi taga, ya ga inuwar katanga ta karkata, rana ta gota. Sannan ya sunkuyo, ya kare kunnensa da tafin hannu biyu, ta raɗa masa.

Ya rayu shekara ashirin bayan wannan. Matarsa ta tambaye shi sunan, 'ya'yansa sun tambaya, har shi Ɗanmalikin da ya girma ya taɓa zuwa ya zolaye shi ko zai faɗa. Murmushi kawai yake yi ya shafa aljihunsa na dama. Da sunan aka binne shi.